Wai Aiki Daga Gida: Talakan Kurfi Fa?

Tun a 2020, lokacin da annobar korona ta sa Gwamnatin Tarayya ta umurci ma'aikatanta daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna gida, maganar aiki daga gida ta shiga bakin mahukunta. A 2023 kuma, da aka janye tallafin man fetur, jihohin Edo da Kwara suka mai da zuwa ofis kwana uku a mako. Yanzu har masu zanen gine-gine na cewa ofishin gobe ba sai kowa ya samu kujera ba, wai kwamfuta da intanet sun wadatar.

To, jama'ar Dutsin-Ma da Kurfi ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, sa'ad da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da nasu, da sunan yaƙi da 'yan bindiga. Malamin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ke son tura takarda ɗaya tak, sai ya kama hanyar Katsina neman sabis, hanyar da ita kanta sai da addu'a. Igiyar da hukuma ke iya tsinkewa a dare ɗaya, ta yaya za a rataya mata aikin jama'a? Ba a ma zo maganar wutar lantarki ba.

Ba mu ce babu aikin da zai yiwu daga gida ba. Mai lissafin albashi da mai duba takardun ɗalibai za su huta da kuɗin mota. Amma kowa ya san da ma akwai ma'aikatan da aka tura karkara, suka tare a birnin Katsina, ba a ganin ƙeyarsu sai ƙarshen wata. Waɗannan ba sabon tsari suke jira ba, suna kawai suke nema wa tsohuwar ɗabi'a.

Manomin da ya baro ƙauyensu da asuba don takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, ko dattijon da ke bin fanshonsa, mutum yake nema ido da ido. Idan za a sake fasalin ofisoshi, da shi za a fara: rumfar jira da benci, ruwan sha, sola da za ta riƙe injin buga takardu, da allo a bakin ƙofa mai ɗauke da sunan ma'aikacin da ke bakin aiki kowace rana, daga Litinin zuwa Juma'a.