Kunya a baki, gaskiya a takarda

Tun daga shekarar 2004, da aka yi zaɓen farko na ƙananan hukumomi, aikin gwamnati ya matso kusa da ƙofar talaka. Mutumin Kurni da a dā sai ya yi sammako zuwa Matamaye saboda takarda guda, yau yana da biro a garinsu. Wannan ci gaba ne babu shakka, amma ya zo da wani nauyi da ba a cika faɗa ba: sau da yawa wanda ke zaune bayan tebur ɗan gari ne, wanda ke tsaye gabansa kuwa kawunsa ne, ko surukinsa, ko malamin da ya koya masa karatun allo.

To, ga dattijo ya shigo, ya tsallake layi, yana so a rage wa jikansa shekaru a takardar haihuwa don lakkol ta karɓe shi. Idan ma'aikaci ya ƙi, a ce ya manta asalinsa. Idan ya yarda, ya ci amanar ƙasa, ya kuma danne haƙƙin matar da ta tako daga ƙauye tun asuba, ba ta san kowa ba. Haka abin yake a gidan likita. A shekarar 2006 gwamnati ta yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, ba ta ce ban da ɗan wanda ba shi da sanayya ba.

Wasu ma'aikata kan ɓuya bayan ɗaurin fuska da faransanci, su hana gaisuwa, su daka tsawa. Wasu kuwa kunya ta ci su, har su sa hannu kan abin da suka san ƙarya ne. Duka biyun ɓata ne. Gaisuwa ba ɓata lokaci ba ce. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ma'aikaci na iya miƙewa, ya ba dattijo kujera, ya tambaye shi iyali da damina, sa'an nan ya ce: "Baba, ka yi haƙuri, wannan ba ya hannuna." Ya ba girma haƙƙinsa, ya bar rajista da tsarkinta.

Baƙon ma'aikaci da aka turo daga wata jaha, shi ma al'ada ta tanadar masa mafita. Wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, ko Gobirawa da Zabarmawa, wanda UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam a 2014, ya sha kashe fushin da takardar gargaɗi ba ta iya kashewa. Sai dai wasa na sanyaya zuciya ne, ba ya canza doka.

Nauyin bai tsaya kan ma'aikaci kaɗai ba. Ya kamata shugaban aiki ya tsawata wa na ƙasa da shi a keɓe, ba gaban jama'a ba, domin wanda aka kunyata da safe kan talaka zai huce da rana. Sarakuna da iyaye kuma su daina aika ƴaƴansu abin da zai raba su da aikinsu. Duk wanda ke son ɗansa ya gama aiki da mutunci, kada ya roƙe shi abin da ba zai iya yi wa kowa ba.