Piazzolla Bai Kashe Tango Ba

A birnin Buenos Aires na ƙasar Ajantina, akwai lokacin da ake kiran Astor Piazzolla "makashin tango". Masu kishin tsohon kiɗan ne suka liƙa masa wannan suna, domin a ganinsu ya ɗauki kiɗan rawar talakawa ya mai da shi abin da ƙafa ba ta iya bi. Ni dai na saurari faya-fayansa, kuma ina ganin ba su yi masa adalci ba. Maganar ta shafe mu, mu da kullum muke gardama a ɗakin kwana kan wa ya gyara kiɗan gargajiya, wa ya ɓata.

Abin kiɗansa shi ne bandoniyon, wani ɗan akwati mai kama da zugazugin maƙera, ana ja ana matsewa yana fitar da sauti. Asalinsa daga Jamus ne. Maɓallansa 71, kuma akasarinsu sautin da suke bayarwa in an ja daban yake da na in an matse. Ka ga kenan ba abin da za a koya a hutun zango ɗaya ba ne. An haifi Piazzolla a Mar del Plata a 1921, ya tashi a New York, inda mahaifinsa ya saya masa bandoniyon tun yana yaro. Daga 1939 zuwa 1944 yana cikin ƙungiyar Aníbal Troilo, ɗaya daga cikin manyan makaɗan tango na gargajiya. Wato shekara biyar yana kaɗa wa masu rawa cikin dare, da rana kuma yana ɗaukar darasin tsara kiɗa wurin Alberto Ginastera.

A 1954 ya tafi Paris karatu wurin malama Nadia Boulanger. Ya kai mata kiɗe-kiɗen da ya tsara irin na Turai, ya ɓoye cewa shi makaɗin tango ne, saboda kunya. Sai da ta matsa masa ya kaɗa mata wani tangonsa, ta nuna masa cewa a nan asalinsa yake. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ya koma Buenos Aires ya kafa ƙungiyar mutum takwas a 1955, sannan ta mutum biyar a 1960.

To, hujjata tana cikin faya-fayan. Saurari "Adiós Nonino", wanda ya tsara a 1959 bayan rasuwar mahaifinsa. Ko ba ka jin kalma ɗaya ta Sifaniyanci, za ka gane makoki ne, don bandoniyon ɗin kamar ajiyar zuciya yake yi. "Libertango", da aka naɗa a Milan a 1974, shi ne kowa ya fi sani, har Grace Jones ta ɗora masa waƙa a 1981. Amma wanda zan ce ka fara da shi, shi ne "Tango: Zero Hour", da aka naɗa a New York a 1986, wanda shi kansa ya ɗauke shi a matsayin mafi kyawun faifansa. Kiɗa bakwai ne, makaɗa biyar: bandoniyon, piyano, gogen Turawa, jitar lantarki da babban goge mai kaurin murya. A "Milonga del Ángel" komai a hankali yake tafiya. A "Michelangelo '70" kuwa, wallahi sai ka ce rigima ta kaure tsakanin kayan kiɗan, amma ba wanda ya kuskure taku. Ƙarƙashin duk wannan sabon salo, bugun tango na nan daram.

Masu sukarsa fa suna da abin faɗa. Tango kiɗan rawa ne, kuma gaskiya ne shi ya karkata shi zuwa zauren da ake zama a saurara. Wanda ya zo don ya taka, ya yi rashi. Sai dai tsohon tango bai mutu ba, har gobe ana rawarsa a Buenos Aires, kuma UNESCO ta sa tango cikin al'adun duniya da ake karewa a 2009, shekara 17 bayan rasuwar Piazzolla a 1992. Abin da ya yi shi ne ƙara wa gidan ɗaki, kuma ya iya hakan ne don ya san inda harsashin yake.

A nan nake saɓawa da wasu abokanmu masu haɗa kiɗa a kwamfuta. Suna cewa sabuntawa suke yi, alhali in ka tambaye su yadda kuntigin Ɗan Maraya Jos yake tafiya da muryarsa, sai su yi shiru. Ai ba ka canza abin da ba ka sani ba. Haka kuma masu cewa duk sabon abu ɓarna ne, su fara saurara kafin su yanke hukunci.

Saboda haka, ɗan uwa, ka samo "Zero Hour", bai kai awa ɗaya ba. Ka sa abin ji a kunne, ka kife waya, ka bi shi daga farko har ƙarshe ba tsallake. In ka gama, ka neme ni mu yi gardamar.