Uwargida Da Sana'a: A Wace Unguwa Za Ki Kama Ofis?

Yau zancenmu da ke ne, wadda Allah Ya sa wa sana'arta albarka har ta fi ƙarfin tsakar gida. Kin yi wa kamfaninki rajista a hukumar CAC, kin ɗauki ma'aikata, maigida ya amince, abin da ya rage shi ne wurin zama. Kada ki ɗauki zaɓen nan da wasa, domin haya ta shekara guda ake biya a dunƙule, wani wurin ma ta biyu, ga la'adar dillali, ga kuɗin gyara. In wuri bai karɓe ki ba, jarin ne ya tafi. Bari mu yi misali da Kano.

Da farko ki tambayi kanki, su waye masu sayen kayanki? In sari kike bayarwa na atamfa, shadda da leshi, to ki matsa kusa da Kantin Kwari, wajen Fagge ko titin Ibrahim Taiwo, domin nan baƙi daga garuruwa suke sauka. Mai kayan masarufi hankalinta yana Singa, mai hatsi kuwa Dawanau. Sai dai wuraren nan akwai cunkoso, wurin ajiye mota kuma sai an sha wuya. In kuwa manyan mata ne abokan cinikinki, masu zuwa da motocinsu don ɗinki ko kayan gyaran jiki, to Nassarawa GRA, titin Gidan Zu da Tarauni sun fi dacewa, amma hayarsu da zafi. Wadda take sarrafa kaya da inji, kamar sabulu ko garin kunu, ta duba Sharaɗa ko Bompai, ta kuma tuna jami'an NAFDAC sai sun zo sun ga wurin kafin su ba da lamba. Ke kuma da cinikinki duk ta waya ne, ana tura kuɗi kina aika kaya, me ya kai ki biyan kuɗin bakin titi? Ɗaki mai sauƙi kusa da tasha, kamar ta Unguwa Uku, ya wadace ki. Daidai ruwa daidai tsaki.

Na biyu, ki auna nisa da gida. Ke uwa ce, akwai kai yara makaranta da ɗauko su, ga Islamiyya, ga girki, ga haƙƙin maigida. Tun 2013 aka hana acaɓa a Kano, sannan da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin Adaidaita Sahu ya tashi. Saboda haka ki lissafa kuɗin motarki da na ma'aikatanki na wata guda, ki haɗa da haya, sannan ki kwatanta unguwannin. Sau da yawa wurin da ake cewa mai araha shi ne mai tsada. Ki gwada hanyar da kanki da safe da kuma bayan la'asar, ki ga ko za ki riƙa isa gida kafin magariba.

Na uku, wuta da ruwa. A Afrilun 2024 an ƙara kuɗin lantarki ga layukan da ake kira Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana. Ki tambayi maƙwabta wane layi suke kai, kuma awa nawa suke gani. Ki nemi mita mai kati, ki tabbatar babu tsohon bashin KEDCO da za a jibga miki. Ki kuma tambayi yadda layin yake da damina, domin a 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya ɓata dukiya mai yawa. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ma darasi ce: ki duba ko motar kashe gobara za ta iya shiga.

Na huɗu, takardu. Rusau ɗin da aka yi a 2023, har da shagunan filin Idi, ya nuna cewa kyan gini ba shi ne izini ba. Ki nemi ganin amincewar hukumar KNUPDA, ki tabbatar da ainihin mai wurin, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, ki karɓi rasit.

Na ƙarshe, mutuncinki. Akwai banɗaki mai sutura da wurin sallah? Su waye maƙwabta? In majalisar samari ce a bakin ƙofa, matan aure ba za su so zuwa ba, komai kyan kayanki.

Ki ziyarci wurare uku aƙalla tare da maigida ko wani muharraminki, gani ya kori ji. Kada dillali ya gaggauta ki da cewa wani zai biya gobe. Ki yi shawara, ki yi istihara, sannan ki biya. Allah Ya ba mu halal mai albarka, amin. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.