Kamfani Ya Sauke Allo, Shin Adalci Ma Ya Sauka Ke Nan?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwana matasa masu bibiyar wannan shafi, yau ina so mu ɗan leƙa ƙasar Amurka, mu dubi wata guguwa da ta taso a ma'aikatu da kamfanoninta, domin akwai darasi a cikinta ga duk wanda Allah Ya ɗora wa shugabancin mutane, ko da kuwa mutum uku ne. Maganar ita ce ta manufar nan da suke taƙaita sunanta da haruffa uku, wato DEI, wadda ma'anarta a dunƙule ita ce a ɗebo ma'aikata daga kowane launi da jinsi da addini, a yi musu daidai, sannan a dama da kowa. Shekaru kaɗan da suka wuce da wuya ka sami babban kamfanin da ba ya tutiya da ita. Daga 2024 zuwa 2025 kuwa da yawansu suka sauke allon, suka rufe ofisoshin da suka buɗe dominta. Ra'ayina, tun ba mu yi nisa ba, shi ne: manufar kamfani aba ce da ake rubutawa a kuma goge, amma haƙƙin ma'aikaci a wuyan shugabansa yana nan daram, kuma a irin wannan lokaci ne ake gane shugaban ƙwarai.

Yadda Aka Faro Da Yadda Aka Juya

A shekarar 1964 Amurka ta kafa dokar 'yancin jama'a, wadda sashenta na bakwai ya haramta wa mai ɗaukar aiki nuna bambanci saboda launin fata, addini, jinsi ko ƙasar asali. A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya ƙara da umarnin da ya wajabta wa kamfanonin da ke karɓar kwangilar gwamnatin tarayya su ɗauki matakan buɗe ƙofa ga waɗanda aka daɗe ana dannewa. A haka aka yi ta tafiya har ranar 25 ga Mayu 2020, da wani ɗan sanda ya kashe George Floyd a birnin Minneapolis, duniya ta gani a bidiyo. Zanga-zangar da ta biyo baya ta sa manyan kamfanoni suka yi rububin ɗaukar alkawari, suka naɗa jami'ai na musamman, suka shirya tarukan bita.

Sai iska ta juya. Ranar 29 ga Yuni 2023 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a shari'ar jami'ar Harvard da ta North Carolina cewa ba daidai ba ne a yi la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Hukuncin na jami'o'i ne, amma lauyoyin kamfanoni suka sha jinin jikinsu. A 2024 Ford da Walmart suka ja da baya, a Janairun 2025 McDonald's da Meta da Target suka bi sahu. A ranakun 20 da 21 ga wannan watan Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin rufe irin waɗannan shirye-shirye a gwamnatin tarayya, ya kuma soke umarnin Johnson bayan kusan shekaru 60. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba: a watan ne dai masu hannun jari a kamfanin Costco suka yi watsi, da ƙuri'a sama da kashi 98 cikin 100, da wata shawara da masu adawa da manufar suka gabatar.

Mai karatu, ka lura da abu guda. Wasu kamfanonin da suka rantse a 2020 su ne suka warware rantsuwar a cikin shekaru biyar. Wanda ya ɗaura amincinsa a kan irin wannan alkawari ya jingina da bangon da ba nasa ba.

Abin Da Bai Motsa Ba

Duk wannan hayaniya ba ta goge dokar 1964 ba, domin majalisa ce ta yi ta, umarnin shugaban ƙasa kuwa ba ya shafe dokar majalisa. Wannan batu ya shafi Musulmi kai tsaye. A 2008 wani shagon tufafi na Abercrombie & Fitch a birnin Tulsa ya ƙi ɗaukar wata yarinya Musulma mai shekara 17 saboda hijabinta. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, a 2015 alƙalai takwas cikin tara suka ba ta gaskiya. Wani abin mamaki kuma, a ranar da aka yanke hukuncin Harvard, a ranar ce kotun ta yanke wani hukunci baki ɗaya a kan ƙarar wani ma'aikacin gidan waya, Kirista, wanda ba ya aiki ran Lahadi. Kotun ta ce bai isa mai kamfani ya hana ma'aikaci sassauci a kan addininsa saboda 'yar ƙaramar ɗawainiya ba, sai ya nuna cewa abin zai jawo masa hasara mai yawa. Kirista ne ya kai ƙarar, amma Musulmin da ke neman sa'a guda ran Juma'a yana shan inuwar hukuncin. Haka adalci yake, idan aka shuka shi ba ya tambayar wa zai zauna a ƙarƙashinsa.

Masu Suka Ma Suna Da Tasu Gaskiyar

Kada son abu ya rufe mana ido. Wani ɓangare na abin da aka yi da sunan wannan manufa ado ne kawai: hotuna a shafin intanet, taron bita na rana ɗaya, sai kowa ya koma halinsa. Masana biyu, Frank Dobbin da Alexandra Kalev, sun wallafa a 2016 cewa bitar dole ba ta cika ƙara yawan mata da tsiraru a kujerun shugabanci ba, wani lokaci ma takan tunzura waɗanda aka tilasta wa halarta, alhali haɗa ƙaramin ma'aikaci da babba mai yi masa jagora yana haifar da ɗa mai ido. Haka kuma, idan aka hana mutum abin da ya cancanta saboda launinsa, zalunci ne, fari ne shi ko baƙi.

To amma wanda ya ce tunda maganin ya yi ɗaci cutar ta warke, wannan ya yi kuskure. A wani bincike da Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan suka wallafa a 2004, sun aika takardun neman aiki iri ɗaya ga kamfanoni a Boston da Chicago, sunaye kawai suka bambanta. Masu sunayen da aka san fararen fata da su sun fi masu sunayen baƙaƙe samun kira da kusan kashi 50 cikin 100. Takarda ɗaya, ƙwarewa ɗaya, suna ne kaɗai ya raba. Duk mai suna Muhammad ko A'isha da ya taɓa neman aiki a ƙasar da ba tasa ba zai fahimci nauyin wannan magana. Rufe ofishin DEI bai rufe wannan ƙofa ta son zuciya ba.

Me Ya Rage A Wuyan Shugaba?

A nan ne nake so mu daɗe, domin mafi yawan zalunci da mafi yawan adalci a wurin aiki ba a hedikwata ake yin su ba. A hannun ƙaramin shugaba suke, wanda ke raba aiki da safe, yake sa hannu a takardar hutu, yake rubuta rahoton ƙarin girma. Ga abubuwa biyar da nake ganin babu wata sabuwar manufa da za ta hana shi yi.

Na farko, ya faɗa wa mutanensa gaskiya. Idan an soke wani shiri, ya tara su ya ce an soke, ya bayyana abin da ya canja da abin da yake nan. Shirun shugaba a lokacin ruɗani shi ke haifar da jita-jita, kuma wanda ya fi kowa rauni a cikin tawaga shi ya fi kwana da fargaba. Kada kuma ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa, gara ya ce ga iyakar ikona, kuma a cikin wannan iyaka ba za a zalunci kowa ba.

Na biyu, ya kafa ma'auni kafin ya ga fuska. Kafin a tallata gurbi ko a yi ƙarin girma, a rubuta abin da ake nema, a yi wa kowane mai nema tambayoyi iri ɗaya, a ba da maki a rubuce, kuma kada mutum ɗaya ya yanke hukunci shi kaɗai. Wannan ya kuɓuta daga zargin ɓangarorin biyu, domin ba a fifita kowa saboda launinsa ba, ba a kuma bar sanayya ta yi aikinta a ɓoye ba.

Na uku, ya duba yadda yake raba aikin da ke ɗaga mutum. A kowace ma'aikata akwai aikin da ke kai mutum gaban manya, akwai kuma wanda ke binne shi a bayan tebur. Shugaba ya ɗauki biro ya lissafa waɗanda ya tura wakilci ko kwas a shekarar da ta wuce. Idan ya ga sunaye biyu ko uku ne suke ta maimaituwa, kuma duk masu kama da shi ne, to ya san inda ɗakinsa ke yoyo.

Na huɗu, ya saurari wanda ba a saba sauraro ba. A shekara ta 5 bayan Hijira, lokacin da rundunoni suka nufo Madina, dabarar haƙa ganuwa ta fito ne daga Salmanul Farisi (Allah Ya yarda da shi), baƙo daga Farisa, kuma dabara ce da Larabawa ba su saba da ita ba. Manzon Allah (Sallallahu Alaihi Wasallam) ya karɓa, har ya shiga aikin haƙan da hannunsa mai albarka. Shugaban da a zamansa mutum uku ne ke magana kullum yana biyan albashin mutum goma yana amfana da kwakwalwar uku. Ya riƙa kiran mai shiru da sunansa yana neman ra'ayinsa, idan kuma shawarar wani ta yi amfani ya ambaci mai ita a gaban manya.

Na biyar, ya yi sassauci ga kowa da mudu ɗaya. Idan Musulmi ya zama shugaba, kada ya nemi wa kansa lokacin Juma'a da hutun Sallah, sannan ya ɗaure fuska ranar da Kirista ya nemi Lahadinsa, ko mai jego ta nemi a gyara mata lokaci, ko mai lalurar ƙafa ya nemi a sauko da teburinsa ƙasa. Mudun da kake so a auna maka da shi, da shi za ka auna wa na ƙasa da kai.

Mu Ma Fa A Gida?

Kada wani ya ce wannan matsalar Amurkawa ce su kaɗai. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 14, ya tanadi cewa muƙaman gwamnatin tarayya su nuna fuskar ƙasar baki ɗaya, kuma tun 1996 akwai hukumar da aka kafa domin sa ido kan rabon. Duk da haka, wa a cikinmu bai san kukan "wa ka sani" ba? Wa bai ji an tambayi mai neman aiki ɗan wane gari ne kafin a tambaye shi me ya iya ba? Su sun goge tasu manufar, mu tamu tana nan a rubuce, amma a duka wuraren biyu ma'aikaci yana komawa gida da abin da shugabansa na kusa ya yi masa ne, alheri ko akasinsa.

Hausawa na cewa idan kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja. Na yarda da wannan a kan sunan ofis da kalmomin da ake rubutawa a takardun kamfani, kuma wajibi ne shugaba ya san dokar ƙasar da yake aiki ya kiyaye ta. Amma shugabanci amana ce da za a tambayi mai ita, kuma ranar tambayar ba za a karɓi uzurin cewa hedikwata ce ta canja manufa ba. Da yawa daga cikinku, 'yan uwana, yanzu kuke karatu ko kuka fara aiki, gobe ku ne za ku riƙe ofisoshi, a gida ko a waje. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake shugaban aji ko na ƙungiyar ɗalibai a yau, ya fara gwada waɗannan abubuwa biyar tun daga nan.

Allah Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinmu, Ya kuma haɗa mu da shugabanni masu tausayi.