LAFIYA UWAR JIKI: Makaɗin zuciya

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kun san makaɗin gayya. In ya yi sanyi, aiki ya yi sanyi. In ya cika sauri, ƙarti su gaji tun da hantsi. To, zuciya ma tana da makaɗinta, wata ƴar wuta da jiki ke yi da kansa. In babban mutum yana hutawa, zuciyarsa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti guda.

Wani lokaci, musamman ga tsofaffi, wutar nan takan raunana. Bugu ya sauka zuwa 40 ko ƙasa. Mutum ya riƙa jin jiri da gajiya, har ya faɗi a gona. Maganinsa wata ƴar na'ura ce mai batir, ba ta kai kwalin ashana ba. Likita yana sa ta ƙarƙashin fata a ƙirji, da siririyar waya da ke bin jijiyar jini har cikin zuciya.

A ƙasar Suwidin aka fara dasa ta, a 1958, ga wani mutum mai suna Arne Larsson. Ya rayu har 2001. Na'urorin farko kiɗa ɗaya suka iya, ba ragi, ba ƙari. Na yanzu kuwa ana saita su daga waje. Likita ya ɗora wani abu bisa ƙirji, ya duba allo, ya gyara. Ba wuƙa, ba jini.

Me yake gyarawa? Na farko, yawan bugu. Sau da yawa yakan sa 60 a minti. In zuciya ta yi ƙasa da haka, na'ura ta kama mata. In ta bugu da kanta, na'ura ta saurara. Wasu ma suna gane in mutum ya shiga aiki, su ƙara sauri.

Na biyu, ƙarfin wutar da daɗewarta. In ta yi kaɗan, zuciya ba za ta amsa ba. In ta yi yawa, batir ya ƙare da wuri, alhali ya kamata ya yi shekara 7 zuwa 10 ko fi. Shi ya sa likita ke neman mafi ƙanƙanta da zuciya ke amsawa, sannan ya ninka shi don tsaro.

Saboda haka, mai na'ura kada ya ƙi zuwa ranar da likita ya sa masa, ko da damina ce. Ya riƙe takardarsa kullum. Kada ya sa salula a aljihun ƙirji, ya nisanci injin walda. In jiri ya dawo, a kai shi asibiti ranar nan, wataƙila saiti ne kawai ake buƙata.

Yau da dare, ku ɗora yatsa biyu bisa wuyan hannun tsohonku, ku ƙirga minti guda. In bai kai 50 ba, kuma yana jiri, kada ku jira ranar kasuwa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.