Ruwan farko ba damina ba ne

Daga Gammo zuwa Garo, daga Getso zuwa Lakwaya, labarin ɗaya ne kusan kowace shekara. Bazara ta gasa mutane, wajen ƙarshen Mayu hadari ya haɗo daga gabas, a sheƙa ruwa sau ɗaya, washegari kowa ya saɓa sungumi. Gero ya tsiro gwanin sha'awa. Daga nan sai sama ta ɗauke, mako biyu, wani lokacin har uku. Tsiro ya lanƙwashe ya ƙone, magidanci ya koma kasuwa neman iri da kuɗin da ya ware don taki.

Ban ga laifin manomi ba, kuma masu cewa gaggawa ce ta yi masa yawa ba su san rumbu ba. Wanda ya yi shukar wuri shi ne yaransa ke gasa tumu tun cikin marka, lokacin da hatsin bara ya ƙare, kwano kuma ya yi tsada. Shi ya sa wasu ba sa ma jiran ruwan, binne suke yi a busasshiyar ƙasa su bar wa Allah. Iyayenmu sun yi haka sun ci riba, domin suna da alamominsu: tohon itatuwa, juyawar iska, dawowar shamuwa. Yau shamuwar tana iya zuwa, ruwan bai zauna ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne akwai labarin da zai rage wannan asara, amma ba ya isowa. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma: ranar da ake sa ran ruwa zai kankama, tsawon damina, da inda ake tsoron fari a tsakiyarta. Har fassarar Hausa ana yi. To, amma a Abuja ake ƙaddamarwa, a intanet ake ajiyewa. Hasashe ba wahayi ba ne, yana kuskure, sai dai ya fi duban hadari a tsakar gida. Me zai hana hukumar noma ta KNARDA ta ɗauki hasashen Kabo da na Gwarzo ta miƙa wa dagatai da limaman Juma'a tun watan Afrilu, gidajen rediyo su yi ta maimaitawa? Wannan ko kuɗin kwangilar kwalbati ɗaya ba zai ci ba.

Ƙarshen damina ma ya zama abin fargaba. Ƙaura da farafara suna son ruwa ya leƙa Oktoba. In ya yanke a Satumba, zangarniya ce a tsaye ba ƙwaya. Cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar da masara mai nuna cikin kwana 90, akwai kuma wake mai saurin zuwa, amma a kasuwar ƙauye wa zai tabbatar maka abin da ke cikin leda shi ne abin da aka rubuta a jikinta?

Ga kuma madatsun ruwa na Guzu-Guzu da Magaga a nan Kabo, ga ta Challawa a Ƙaraye tun 1992. Ruwa na kwance, samari kuwa da an ɗaure dawa sai su cika motocin Legas da Fatakwal ci-rani, saboda injin ban-ruwa da man zuba masa sun fi ƙarfin aljihunsu.