Kafin a turo wa Adar motar lantarki, a duba ko tana karanta memori

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga tashar Tahoua zuwa Abalak ya san abin da direba ke yi kafin ya ɗaga. Yakan zaro kile ko ƙaramin katin memori daga aljihu, ya hure ƙurar da ke jikinsa, ya cusa a rediyon mota. Abin da ke cikin katin nan shi zai riƙe fasinjoji tsawon tafiyar kilomita kusan 135: karatun Alƙur'ani da safe, wa'azi, waƙoƙin fina-finan Kano, sannan kiɗan jita na Abzinawa idan rana ta take. Rezo yana zuwa yana ɗaukewa a hanya, amma ba wanda ya damu, domin katin ba ya neman rezo.

Wannan ƙaramar al'ada ce kamfanonin da ke ƙera motocin lantarki suka fara yi wa kallon tsohon yayi. Kuma tun da 'yan Adar mazauna Turai, Dubai da sauran ƙasashe ne ke da halin sayen irin waɗannan motoci su turo gida, su ya kamata maganar ta fara isa wa.

Wani zai ce ana gardamar launin fenti alhali ko tubalin ɗakin ba a buga ba. Gaskiya ne motar lantarki ba ta zama abin gani kullum a titunan Tahoua ba. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke samun wutar lantarki, cajin mota ba shi ne damuwar talaka ta farko ba. Wutar Tahoua, kamar ta Maraɗi da Damagaram, ta daɗe tana dogara da layin da ke shigowa daga Katsina, kuma kowa ya tuna duhun da aka shiga a watan Agustan 2023 lokacin da Nijeriya ta yanke wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Tashar hasken rana ta Malbaza da aka buɗe a 2018 megawat 7 ce kacal. Kwal ɗin Salkadamna kuwa shekara da shekaru ana ambatonsa a jawabai, har yanzu bai haska ɗakin kowa ba.

Sai dai motocin suna matsowa. Tun a 2021 hukumar NADDC ta Nijeriya, a ƙarƙashin Jelani Aliyu ɗan Sakkwato, ta buɗe wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma daga Sakkwato zuwa Ƙonni ba wata tafiya ba ce. Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan fetur da gazuwal a 2024. Kamfanonin China irin su BYD suna fitar da motocin lantarki zuwa ko'ina, Turai kuma ta fara tara tsofaffinsu. Inda tsofaffin motocin Turai ke ƙarewa sananne ne. Ga cire tallafin mai da Nijeriya ta yi a 2023 wanda ya karya kasuwar ruwa-ruwa, ga layukan mai da aka sha a watan Maris na 2025. Duk mai lissafi da ke da faranti goma na hasken rana a kan rufin gidansa zai fara tunanin motar da ba ta zuwa gidan mai.

To ranar da ya tashi saye, tambayarsa ta farko ita ce kilomita nawa take yi da caji ɗaya. Tambaya ce mai kyau. Wadda ba zai yi ba, kuma dillali ba zai tuna masa ba, ita ce ko ramin USB ɗin da ke gaban motar yana karanta abin da aka cusa masa.

Ga ido, ramukan duk iri ɗaya ne. A cikinsu kuwa akwai wayoyin da ke kai wuta, akwai masu kai bayanai. Kamfani na iya haɗa na wutar kaɗai ya bar sauran, sai ramin ya zama na caji kawai: waya za ta cika, amma motar ba ta san an cusa mata kile ba. Haka ta faru da Tesla. A lokacin da aka yi ƙarancin ƙananan kayan kwamfuta a duniya, wasu motocin Model 3 da Model Y da aka ƙera daga wajen Nuwamban 2021 sun fito da ramukan tsakiya masu caji kaɗai, kuma kamfanin ya rubuta hakan a littafin motar. Rami guda da ke cikin akwatin gaban fasinja ne ya rage mai karanta bayanai, shi ɗin ma kile ɗin da kyamarorin motar ke zuba bidiyo a ciki ya riga ya zauna a kansa. Mai son ya saurari nasa karatun sai ya raba kile ɗin gida biyu a kwamfuta ko ya nemo na'urar da ke mayar da rami ɗaya ya zama biyu. Motocin 2021 da 2022 ɗin nan su ne daidai waɗanda shekarunsu suka kai a fara lodinsu a jiragen ruwa zuwa Lome.

A birnin Faris ko Los Angeles wannan ba ya hana kowa barci, domin motar tana da nata layin intanet, kiɗa da taswira duk daga can suke zuwa. General Motors ma ya sanar a 2023 cewa sabbin motocinsa na lantarki za su daina karɓar Apple CarPlay da Android Auto, manhajojin da ke ba mutum damar haska abin da ke cikin wayarsa a allon mota. Dabarar a fili take: kamfani ya riƙe allon, direba ya riƙa biyan kuɗin wata. Amma layin da aka dasa wa mota a Beljiyam ba da Airtel ko Moov ko Zamani aka ƙulla yarjejeniyarsa ba. Idan ta sauka a Tahoua, allon nan mai faɗin faranti na iya zama ba ya nuna komai sai saurin mota da yawan caji. A cikin gari mutum zai iya jona ta da intanet ɗin wayarsa. Bayan Tabalak kuma fa, ko a hanyar Tchintabaraden da Tassara?

Akwai Bluetooth, kuma yana rage zafi. Amma duk direban da ya yi sa'a biyar wayarsa na kiɗa a cikin zafin watan Afrilu, batir na zuba, kira na katse waƙa, ya san dalilin da ya sa kile ya fi masa kwanciyar hankali. Waya ta mutum ɗaya ce, kile kuwa na mota ne, yana nan ko wa ya karɓi tuƙi.

Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a yi musu bayanin darajar memori. Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan arewacin jihar Tahoua da yanzu ke cika dandali a Amurka da Turai, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko mai suna Anar a 2008. Ba kamfanin da ya rarraba shi. Daga waya zuwa waya, daga kati zuwa kati waƙoƙin suka ratsa Sahara har suka kai arewacin Mali, inda Ba'amurke Christopher Kirkley ya tsince su, ya sa ɗaya a tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. Har gobe a kasuwar Tahoua akwai samarin da sana'arsu ke nan, kwamfuta ɗaya da benci, suna zuba wa mutane fina-finai da karatu a kati. Ɗan ci-rani da ke Abijan ko Sabha yakan dawo da kati cike da hotunan shekara biyu. Motar da ba ta karanta kati ta rufe ƙofa ga ma'ajiyar da jama'ar nan suka gina da hannunsu.

Ɓangaren da ya fi wannan nauyi shi ne na kyamara. Motocin lantarki da yawa suna zuwa da kyamarori gaba da baya da gefe, kuma wasunsu suna naɗar bidiyo ko suna tafiya ko suna ajiye. Amfanin a bayyane yake. A garin da 'yan kabu-kabu da adaidaita ke cuɗanya da amalanken jaki, idan aka yi karo, bidiyon daƙiƙa talatin ya fi shaidu goma masu rantsuwa. Amma bidiyon yana zama ne kawai idan akwai kile mai lafiya a ramin da ya dace. Tesla na neman wanda bai gaza gigabait 64 ba, mai iya ɗaukar rubutu ba tsayawa. Kile na yau da kullum an yi shi ne don a zuba masa abu jefi-jefi. Idan aka sa shi aikin rubutawa da gogewa dare da rana, a cikin motar da ke tsaye a rana lokacin da zafin waje ya haura digiri 40, ba ya daɗewa. Mafi muni, yakan mutu shiru, sai ranar da aka yi hatsari mai mota ya buɗe ya tarar ba komai. Ga kuma jabun kati da suka cika kasuwanni, an rubuta 128 a jiki alhali cikinsa bai kai rubu'in haka ba: yana nuna ya karɓi fayil, amma yana taka na baya. Ɗan'uwan da ya iya biyan kuɗin mota da na jirgi da na duwan bai kamata ya gaza haɗowa da kati biyu na asali, irin waɗanda aka yi musamman don kyamarorin tsaro, ba.

Sannan arewacin Tahoua ba wurin da ake ɗaukar hoto yadda aka ga dama ba ne. Tun kafin kisan mutum 137 a ƙauyukan Tillia a watan Maris na 2021 yankin ke cikin dokar ta-ɓaci, kuma shingayen jami'an tsaro sun zama ɓangaren kowace tafiya. Motar da ke naɗar duk abin da ta wuce tana naɗar shingen, da fuskokin sojoji, da inda suka ajiye motocinsu, ko direban ya sani ko bai sani ba. Idan jami'i ya gane haka, direban ne zai yi bayani, kamfanin yana can wata nahiya. Idan kuma kile ɗin ya faɗa hannun da bai dace ba, abin ya wuce na direba shi kaɗai. China da kanta ta hana motocin Tesla shiga harabar sojojinta a 2021 saboda kyamarorin nan. A 2023 hukumar kare bayanan jama'a ta Holand ta sa kamfanin ya sauya yadda motocinsa ke ɗaukar masu wucewa idan suna ajiye, kuma a shekarar ce Reuters ta ruwaito cewa wasu ma'aikatan kamfanin sun riƙa yaɗa bidiyon motocin mutane a tsakaninsu. Nijar tana da tata hukumar, HAPDP. Zai fi kyau ta faɗi matsayinta kan kyamarorin mota tun suna ƙidayuwa da yatsu, kada a bar wa direba da jandarma su warware ta a bakin hanya.

A nan ma kile ya fi intanet alheri. Bidiyon da ke cikin kile yana hannun mai shi, zai iya zare shi ya sa a aljihu kafin ya kama hanyar arewa, ya goge, ko ya miƙa wa alƙali. Wanda ya tafi rumbun kamfani a wata ƙasa, mai motar bai san wa ya kalla ba.

Akwai kuma wani rami da ya fi na USB girma, wanda ga gidan Tahoua zai iya fin komai amfani. Wasu motoci, irin su Hyundai Ioniq 5 da wasu na BYD, suna iya mayar da wutar batirinsu waje ta soket irin na ɗaki. Ioniq 5 na bayar da har kilowat 3.6, abin da ya isa firiji da fanka da fitilu da talabijin a lokaci guda. Batirin mota mai kilowat-awa 60 yana ɗauke da wutar da za ta cika wayar hannu sau wajen dubu uku. A daren da NIGELEC ta ɗauke wuta a tsakiyar bazara, motar da ke tsakar gida za ta iya riƙe fankar tsohuwa har asuba ba tare da ƙarar janareto ba. Ba kowace mota ke da wannan ba, kuma yawancin tsofaffin Tesla ba su da shi. Motoci biyu na iya zama farashi ɗaya a filin dillali a Anvers, ɗaya ta iya wannan aiki, ɗaya ba ta iya ba.

Gwajin duk bai fi minti goma ba. Mai saye ya je da kile ɗinsa da ya zuba wa karatu da waƙa, ya kashe intanet ɗin motar, ya cusa a kowane rami ya ga wanne ke amsawa. Ya duba ko taswira na buɗewa ba rezo, ko kuma motar na yarda ta haska ta cikin wayarsa. Ya nemi a nuna masa inda ake kashe kyamara, ya tambayi soket ɗin fitar da wuta da kebul ɗinsa. Ya kuma lura da siffar ramukan, domin sababbin motoci sun koma USB-C, musamman tun da Tarayyar Turai ta wajabta shi ga wayoyi daga ƙarshen Disamban 2024, alhali yawancin kile ɗin da ke aljihun direbobin Adar masu faffaɗan kai ne na da. Ɗan abin da ke haɗa su biyun bai kai kuɗin cin abincin rana a Brussels ba, amma idan aka manta shi, sai an aika Yamai ko Sakkwato a nemo.